Yadda Za Ku Tsara Shugabanci da Riƙon Amana a Al'ummar Manhaja Mai 'Yanci

A ranar 12 ga Yuli 2018, Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri yaren kwamfuta na Python kuma ya shafe kusan shekara talatin yana yanke hukuncin ƙarshe a kansa, ya aika wa abokan aikinsa gajeren saƙo cewa ya sauka. Cacar bakin da aka yi a kan wata shawarar yi wa yaren sauyi, wadda ake kira PEP 572, ce ta gajiyar da shi. Ya ce ba zai naɗa magaji ba, sannan ya bar musu tambaya: shin dimokuraɗiyya za su kafa, ko kama-karya, ko tarayya, ko kuwa zaman kara zube za su yi? Aka wayi gari da yare da miliyoyin mutane ke amfani da shi, da ƙwararrun masu rubuta kod (rubutattun umarnin da ake gina manhaja da su) da yawa, amma babu ko takarda ɗaya da ta fayyace wanda zai raba gardama idan an yi saɓani. Sai da suka kwashe wata biyar suna tattauna shawarwari iri-iri kafin, a watan Disamba na wannan shekara, su zaɓi tsarin majalisar mutum biyar da suke kai har yanzu.

Python ta tsallake wannan siratsi ne saboda mutanenta sun daɗe tare kuma sun yarda da juna. Ba kowace al'umma ke da wannan sa'a ba. Lasisin manhaja mai 'yanci, ko sanannen nan mai suna GPL ne ko wani, yana ba kowa damar ya yi amfani da manhaja, ya karanta kod ɗinta, ya gyara, ya rarraba. Iyakarsa ke nan. Bai ce komai ba game da wanda zai karɓi gyara ko ya ƙi shi, ko wanda ya mallaki sunan aikin, ko wanda ke riƙe da kuɗin gudummawa, balle yadda za a yi da shugaban da ya kauce hanya. Waɗannan sai ku da kanku kun zauna kun tsara su, kuma lokacin da ya dace a yi haka shi ne lokacin da kowa ke ga-maciji da kowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku fara da ƙirga makullai

Kafin ku yi gardama a kan wane irin tsari ya fi, ku ɗauki takarda ku rubuta duk abin da aikinku ba zai iya rayuwa ba sai da shi, sannan a gaban kowanne ku rubuta sunan mai riƙe da shi a yau. Wa ke da ikon mallaka a kan rumbun kod, wato ma'ajiyar da ake tara kod ɗin aikin? Da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin intanet, kuma wa ke biyan kuɗin sabunta shi duk shekara? Wa ke riƙe da mabuɗin da ake sa hannu a kan sabon fitowar manhaja? Sunan aikin da tambarinsa na wane ne a idon doka? Asusun da gudummawa ke shiga fa, hannun mutum nawa ake buƙata kafin a taɓa shi? Sau da yawa idan aka yi wannan lissafi sai a tarar suna ɗaya ne ke maimaituwa daga sama har ƙasa, kuma wannan mutum shi ne shugaban gaskiya, ko da kuwa akwai kwamitin da ke zama duk wata.

Na ba wannan mataki fifiko ne domin sau da yawa rabuwar kan da aka gani a tarihin manhajoji masu 'yanci daga nan ta taso. Lokacin da kamfanin Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010, ya gaji sunan Hudson, wata manhajar gwajin kod da jama'a ke ginawa tare. Masu aikin suna da 'yancin kod ɗin, amma sunan ba nasu ba ne, don haka a watan Janairu 2011 suka kaɗa ƙuri'a suka koma Jenkins, suka fara gina suna daga tushe. A 2022 ma, da aka mayar da adireshi da tambarin Gitea, wata manhajar ajiye kod, hannun wani kamfani mai neman riba, wasu daga cikin al'ummar suka ɓalle suka kafa Forgejo. Haka kuma a watan Mayu 2021 ma'aikatan sa-kai na Freenode, dandalin hira da dubban ayyukan manhaja suka dogara da shi, suka ajiye aiki suka kafa Libera.Chat bayan rikici kan wanda ke da iko da dandalin. A duk waɗannan lasisi bai hana komai ba, domin rigimar ba a kan kod take ba.

Da zarar kun gama lissafin, ku tabbatar babu mabuɗin da ke hannun mutum ɗaya tilo, kuma babu mutumin da ke riƙe da dukkansu. Abin da doka ta san shi a matsayin dukiya, wato suna da tambari da kuɗi, ya fi kyau a damƙa shi ga wata ƙungiya mai rajista wadda ba ta neman riba. Ba dole ba ne ku kafa taku, domin kafa gidauniya na tattare da wahalar lissafin kuɗi da haraji da lauyoyi. Debian, wani tsarin sarrafa kwamfuta da 'yan sa-kai ke ginawa, ta daɗe tana ajiye kadarorinta a hannun ƙungiyar Software in the Public Interest, wadda aka kafa a 1997, kuma Software Freedom Conservancy, da aka kafa a 2006, tana yi wa ayyuka da dama irin wannan hidima.

Zaɓen tsarin da ya dace da girmanku

Tsarin da kusan kowane aiki ke farawa da shi shi ne na shugaba guda, wanda a fagen ake yi wa laƙabi da BDFL, ma'ana mai cikakken iko na muddin rai wanda ake kyautata masa zato. Linus Torvalds yana kan irin wannan matsayi a Linux, manhajar da ke zama ƙashin bayan tsarin sarrafa kwamfutoci da yawa, tun 1991. Bai kamata a raina tsarin ba, saboda yana da sauri, yana sa manhaja ta kasance da alkibla ɗaya, kuma ga aikin da mutum uku ko huɗu ke yi, kafa majalisa da zaɓe ɓata lokaci ne. Ko a Linux ɗin ma ikon a rarrabe yake, domin akwai wani fayil mai suna MAINTAINERS da ke nuna wanda ke kula da kowane sashe, kuma gyara kan bi ta hannun waɗannan kafin ya isa sama. Raunin tsarin shi ne ya rataya a kan lafiya da haƙuri da adalcin mutum ɗaya. Idan kun zaɓe shi, ku faɗi haka a fili domin mai shigowa ya san inda ya sa ƙafa, kuma ku rubuta abin da zai faru ranar da shugaban ya tafi. Bram Moolenaar ya jagoranci Vim, wata manhajar rubuta kod, fiye da shekara talatin, kuma da ya rasu a watan Agusta 2023 sai da waɗanda suka rage suka yi ta bin diddigin asusu da izini daban-daban kafin aiki ya daidaita.

Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999, ta bi wata hanya dabam. Kowane aiki a ƙarƙashinta yana da kwamitin gudanarwa, kuma ana gayyatar mutum cikinsa ne bisa aikin da aka ga ya yi. Kujerar ta mutum ce da kansa, kamfanin da yake yi wa aiki ba shi da ita. A sama akwai hukumar daraktoci tara da mambobi ke zaɓa duk shekara, kuma kowane kwamiti yana miƙa mata rahoto duk wata uku. Wannan rahoton, duk da ana ganinsa kamar ƙaramin abu, shi ne ke sa a gane aikin da ya mutu ko wanda kamfani ɗaya ya mamaye. Aibin tsarin cancanta shi ne waɗanda ke ciki su ne ke yanke wa ya cancanta, kuma ɗan Adam ya fi saurin ganin cancantar wanda ya yi kama da shi.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ita ce ta fi kowa zurfafawa a tafarkin zaɓe. Tana da kundin tsarin mulki tun 1998, tana zaɓen shugaba duk shekara, tana da kwamitin fasaha da ke raba gardama, da sakataren da ke gudanar da ƙuri'a, kuma dukkan mambobi na iya yanke hukunci kai tsaye ta hanyar babban ƙuduri. Tsakanin wannan da na shugaba guda akwai tsarin ƙaramar majalisa zaɓaɓɓiya, irin ta Python mai mutum biyar, ko ta tsarin sarrafa kwamfuta na FreeBSD mai mutum tara da ake zaɓa duk shekara biyu, ko ta manhajar Kubernetes mai mutum bakwai. A ra'ayina, ga al'ummar da ta wuce mutum goma masu aiki a kai a kai, ƙaramar majalisa mai wa'adi ita ce ta fi dacewa, domin tana da sauƙin rubutawa kuma tana da sauƙin gyarawa. Ku sa adadin ya zama mara, uku ko biyar ko bakwai, saboda kada ƙuri'a ta yi kunnen doki.

Su wane ne masu zaɓe

Wannan tambaya ta fi ta yawan kujeru muhimmanci, amma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan kuka ce duk wanda ya ga dama ya kaɗa ƙuri'a, wata rana wani zai tara jama'ar da ba su taɓa ɗaga tsinke a aikin ba su karɓe shi. Idan kuma kuka taƙaita ga masu ikon shigar da kod kawai, kun fitar da masu fassara, da masu rubuta bayanan amfani, da masu tantance rahoton matsala, da masu amsa tambayoyin sababbi, alhali wahalar da suke sha ba ta gaza ta kowa ba. Ku rubuta ma'auni da kowa zai iya dubawa, misali gudummawa ta kowace iri da aka ci gaba da bayarwa na tsawon wata shida, tare da goyon bayan mambobi biyu. Ku kuma rubuta yadda mutum ke fita daga jerin, domin wanda ya shekara biyu bai leƙo ba bai kamata ƙuri'arsa ta rinjayi ta wanda ke aiki kullum ba. A mayar da shi matsayin tsohon mamba cikin girmamawa, a bar masa ƙofa a buɗe idan ya dawo.

Yadda ake yanke hukunci

Mafi yawan al'amura ba sa buƙatar ƙuri'a. Abin da Apache ke yi ya isa abin koyi: mutum ya bayyana abin da yake shirin yi a inda kowa ke gani, ya jira aƙalla awa 72 domin waɗanda ke wasu sassan duniya su samu damar karantawa, idan babu wanda ya ƙi sai ya ci gaba. Idan an zo ƙuri'a, ana rubuta +1 don amincewa, 0 don ba ruwana, -1 don ƙi. A kan gyaran kod, -1 ɗin mamba tamkar hawa kujerar na-ƙi ne, sai dai ba ya aiki sai an haɗa shi da hujja ta fasaha. A kan fitar da sabon fitowa kuwa babu mai hawa kujerar na-ƙi, abin da ake buƙata shi ne amincewar mambobin kwamiti uku, kuma masu amincewa su fi masu ƙi yawa. Hikimar wannan rarrabewa ita ce an ba mutum ɗaya ikon tsayar da kuskure, amma ba a ba shi ikon garkuwa da aikin gaba ɗaya ba.

Akwai kuma ƙa'idar da nake ganin ita ce ƙashin bayan riƙon amana: duk hukuncin da ba a yanke shi a rubuce a bainar jama'a ba, to ba a yanke shi ba. Mutane za su yi hira a keɓe, za su haɗu a taro su fahimci juna, kuma babu laifi a haka. Laifin yana zuwa ne idan aka dawo aka sanar da sauran cewa an gama magana. A ɗauka wata mai ba da gudummawa ta shafe mako uku tana gyaran wata matsala, ta miƙa aikinta, ya zauna wata biyu babu wanda ya tanka, sai wata safiya ta ga an rufe shi da kalma biyu, “ba a buƙata”. Ba ta san wa ya yanke ba, ba ta san dalili ba, ba ta san inda za ta kai kuka ba. Irin wannan ba ta yin rigima, tafiyarta kawai take yi, kuma ba wanda zai lura da cewa an yi asara. Saboda haka ku wajabta cewa duk ƙin amincewa ya zo da sunan mai ƙin da dalilinsa, kuma ku nuna matakin da ke sama da shi inda za a iya ɗaukaka ƙara.

Dole ne kuma a san inda gardama ke ƙarewa. A watan Fabrairu 2014 kwamitin fasaha na Debian ya rabu huɗu da huɗu kan ko za a ɗauki systemd ko upstart a matsayin manhajar da ke tayar da ayyukan kwamfuta idan an kunna ta, sai shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya yi amfani da ƙuri'ar raba gardama da kundin ya ba shi ya zaɓi systemd. Hukuncin bai yi wa kowa daɗi ba, wasu sun ajiye muƙamansu, wasu sun ɓalle sun kafa Devuan, wani reshe marar systemd, a ƙarshen shekarar, kuma an sake kai batun gaban dukkan mambobi a 2014 da 2019. Duk da haka Debian ba ta wargaje ba, domin ko wanda ya sha kaye ya san ta hanyar da aka bi aka kayar da shi, kuma hanyar tana rubuce tun kafin rigimar.

Sauke shugaba

Nan ne ya kamata ku fi daɗewa, kuma nan ne za ku fi jin nauyin magana, saboda tattauna yadda za a sauke mutum yana zaune a gabanku yana da kama da rashin kunya. Ku daure ku yi. Shugaba nagari shi ya kamata ya fara kawo batun da bakinsa, domin sashen da ake rubutawa yana kare shi kamar yadda yake kare sauran: idan akwai hanya sananniya ta ƙalubalantarsa, ba a buƙatar gulma da ƙulle-ƙulle a bayan fage.

Tsarin Python a taƙaice yake kuma a sarari. Kowane mamba na iya kiran ƙuri'ar rashin amincewa a kan ɗan majalisa ɗaya ko a kan majalisar baki ɗaya. Ana buƙatar wani mamba ya mara masa baya cikin mako guda, sannan a buɗe ƙuri'a, kuma sai kashi biyu cikin uku na masu kaɗawa sun amince kafin ta yi aiki. Idan majalisar duka aka sauke, nan take ake shirya sabon zaɓe. A Debian mambobi na iya sauke shugaba ko soke hukuncinsa ta hanyar babban ƙuduri, suna iya soke hukuncin kwamitin fasaha da rinjayen biyu bisa ɗaya, kuma ba a gyara kundin sai da rinjayen uku bisa ɗaya. An taɓa gwada wannan a aikace a 2006, lokacin da aka nemi sauke shugaba Anthony Towns saboda rigima kan shirin biyan wasu masu kula da fitowar manhaja kuɗi. Ƙudurin bai yi nasara ba, ya ci gaba da riƙe kujerarsa, amma masu ƙorafi sun samu inda suka kai kukansu aka ƙirga su.

Daga waɗannan za ku iya ɗaukar ma'auni. Kiran ƙuri'ar ya kasance mai sauƙi, mutum biyu ko ƙalilan su isa, amma cin nasararta ya kasance mai wuya, saboda kada kowane ɓacin rai ya zama juyin mulki. Wanda ake ƙara kada ya zama shi ke ƙirga ƙuri'a, kuma wannan ne dalilin da ya sa kundin Debian ya hana mutum ɗaya haɗa kujerar shugaba da ta sakatare ko ta shugaban kwamitin fasaha. A ba shi dama ya kare kansa a rubuce kafin a fara kaɗawa. Sannan ku haɗa wannan sashe da lissafin makullan da kuka yi tun farko, domin sauke mutum a takarda ba shi da amfani idan har yanzu shi kaɗai ke iya shiga rumbun kod da asusun banki.

Wa'adi shi ne hanya mafi laushi ta sauke shugaba, domin yana ba mutum damar tafiya ba tare da an ci mutuncinsa ba. Shekara ɗaya ko biyu ta wadatar, kuma yana da kyau a karkasa zaɓen kamar yadda Kubernetes ke yi, ta yadda wani ɓangare na kujerun ne kawai ke faɗuwa a kowace shekara, sababbi su tarar da tsofaffin da za su nuna musu hanya.

Abin da ya faru a al'ummar yaren kwamfuta na Rust ya nuna illar barin wannan giɓi. A ranar 22 ga Nuwamba 2021 dukkan tawagar da ke kula da ɗa'a ta ajiye aiki, tana mai cewa babbar tawagar jagoranci ta mayar da kanta ba ta amsa tambayar kowa sai tata, don haka babu yadda za a zartar da ƙa'idojin ɗa'a a kanta kamar yadda ake yi wa sauran. Sai a 2023 aka maye gurbin tsohuwar tawagar da majalisar da kowace babbar tawaga ke tura wakili cikinta. Darasin da ya shafe ku shi ne, idan kun ɗauki ƙa'idojin ɗa'a, ku amsa tambaya ɗaya a rubuce: wa zai saurari ƙara idan wanda ake ƙara shugaba ne, ko ɗan kwamitin ɗa'a ne da kansa? Amsar na iya zama cewa wanda abin ya shafa ya janye daga zaman, ko a ɗauko mai shiga tsakani daga waje, ko a kai ga gidauniyar da ke riƙe da ku. Gidauniyar FSF, mai fafutukar manhaja mai 'yanci, ta fuskanci makamancin wannan lokacin da wanda ya kafa ta, Richard Stallman, ya sauka a watan Satumba 2019 sannan aka sanar da komawarsa hukumar daraktoci a watan Maris 2021. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan shi kansa, abin da ya fusata da yawa shi ne hukumar ce ke zaɓen mambobinta, kuma magoya baya ba su da wata kafa ta faɗin albarkacin bakinsu sai buɗaɗɗiyar wasiƙa ko janye tallafi, kamar yadda kamfanin Red Hat ya yi.

Kamfanoni da kuɗi

Kamfani ba abokin gaba ba ne, domin kaso mai yawa na aikin manyan manhajoji ma'aikatan da ake biya albashi ne ke yin sa. Haɗarin yana zuwa ne idan kamfani ɗaya ya cika kujeru. Maganin da aka gwada ya yi aiki shi ne ƙayyade adadi. Python da Kubernetes ba sa barin fiye da mutum biyu daga kamfani ɗaya a majalisa. Gidauniyar The Document Foundation, wadda aka sanar da kafa ta a ranar 28 ga Satumba 2010 domin riƙe manhajar aikin ofis ta LibreOffice bayan an ɓalle daga OpenOffice.org, ta hana kamfani ɗaya wuce kashi ɗaya cikin uku na hukumarta. Lokacin da wasu masu aikin manhajar Node.js suka ɓalle a ƙarshen 2014 suka kafa io.js saboda rashin gamsuwa da yadda kamfanin Joyent ke riƙe da ragama, sun sa irin wannan ƙa'ida, kuma ba a sake haɗewa ba a 2015 sai da aka amince da gudanarwa a buɗe ƙarƙashin gidauniya. Ku ƙara da cewa kowane shugaba ya bayyana inda yake aiki, ya sanar idan ya canja, kuma ya janye daga hukuncin da ke da alaƙa da aljihunsa.

Ku kula ƙwarai da takardar da ake sa masu ba da gudummawa su sa wa hannu. Idan takardar ta ba kamfani ɗaya ikon sake lasisi yadda ya so, to ku sani wata rana zai iya yi. Kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa ta Terraform a watan Agusta 2023, kamfanin Redis ya sauya na tasa a watan Maris 2024, kuma a kowanne sai da al'umma ta ɗauki kwafin ƙarshe mai 'yanci ta ci gaba da shi da sabon suna, wato OpenTofu da Valkey. Linux ta bi wata hanya tun 2004, inda mai gyara ke ƙara layi ɗaya a ƙasan aikinsa yana shaida cewa yana da haƙƙin miƙa shi, amma mallakar tana nan a hannunsa. Sakamakon haka kod ɗin na dubban mutane ne, kuma babu wani mutum ko kamfani da zai wayi gari ya rufe shi. Game da kuɗi kuwa, ku riƙa wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma duk kashewar da ta wuce wani adadi da kuka yanke ta buƙaci hannu biyu.

Gajiya da gādo

Akwai wani nau'in gazawar shugabanci da ba ya kama da zalunci ko kaɗan, wato mutum ɗaya nagari da nauyi ya yi wa yawa. Manhajar matse fayil ta xz, wadda kusan kowane tsarin Linux ke ɗauke da ita, ta shekara da shekaru a hannun mai kula guda ɗaya da ke aikin sa-kai. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara kawo gyare-gyare masu amfani, wasu asusun kuma suka riƙa matsa wa mai kulan lamba cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. Sannu a hankali baƙon ya samu ikon fitar da sabon fitowa, kuma a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta iya ba shi damar kutsawa cikin kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Wani injiniya mai aikin manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, Andres Freund, shi ya gano ta, bayan ya lura cewa shiga wata kwamfuta ta ssh, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana cin ƙarfin na'ura fiye da kima kuma yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawun wannan rabin daƙiƙar har ya kai ga tushenta, ya sanar a ranar 29 ga Maris 2024.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan wanda ya gaji, domin duniya ce ta jingina da shi ta bar shi shi kaɗai. Abin da za ku ɗauka shi ne ba da iko mataki-mataki: mai tantance rahoto tukuna, sannan mai bitar gyara, sannan mai shigar da kod, kuma ikon fitar da sabon fitowa ya zo a ƙarshe, bayan mutane fiye da ɗaya sun san mutumin sun amince da shi. Kada gyaran kowa ya shiga ba tare da idon mutum na biyu ba, har da na shugaba. A tabbatar abin da ake rarrabawa ga jama'a daidai yake da abin da ke cikin rumbun kod, domin wani ɓangare na tarkon xz a cikin kunshin da ake saukewa kawai aka ɓoye shi. Kuma ku mayar da hutu abu na al'ada. Lokacin da Torvalds ya ɗauki hutu a watan Satumba 2018 domin ya duba yadda yake mu'amala da mutane, Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya kammala fitowar Linux ta 4.19 ba tare da tangarɗa ba, saboda an daɗe da sanin wanda zai riƙe idan ba ya nan.

Rubuta takardar

Duk abin da aka ambata zai iya shiga shafi biyu ko uku, kuma ya fi kyau ya tsaya a haka, domin kundin da ya yi tsawo ba mai karanta shi sai ranar faɗa. Ku rubuta abin da kuke yi a zahiri tukuna, ko da bai yi kyan gani ba, sannan ku gyara wuraren da kuka ga ɓaraka. Ku ajiye takardar a cikin rumbun kod kusa da lasisi, ta yadda duk sauyin da aka yi mata zai bar tarihi kamar kowane gyara. Ku sa mata sashen da ke bayyana yadda ake gyara ta, da rinjayen da ya fi na hukuncin yau da kullum, kashi biyu cikin uku misali, da lokacin sanarwa na aƙalla mako biyu kafin ƙuri'a. Yana da amfani ku aro wata magana daga kundin Debian, wadda ke cewa babu wanda aka wajabta wa yin aiki, amma babu wanda aka yarda ya yi zagon ƙasa ga hukuncin da aka yanke bisa ƙa'ida. Bayan an amince da takardar, ku sa rana ɗaya a kowace shekara da mutum biyu waɗanda ba sa cikin majalisa za su ɗauko lissafin makullan nan, su gwada kowanne su ga yana buɗewa, su cire sunan duk wanda ya bar aiki, sannan su wallafa abin da suka tarar inda dukkan mambobi za su gani.